Idan Wi-Fi Bai Kai Ƙarshen Gida Ba: Abin Yi da Abin Bari

Kukan iri ɗaya ne a gidaje da yawa. A falo bidiyo na tafiya sumul, a ɗakin uwargida sai juyawa yake yi, a shagon samari kuwa ko saƙon WhatsApp ba ya fita sai an fito tsakar gida an ɗaga waya sama. Abin da maigida kan fara yi shi ne ya aika kasuwa a sayo wata na'ura da aka ce tana ƙara ƙarfi, kuma sau da yawa kuɗin nan a banza suke tafiya. Wi-Fi igiyar rediyo ce mai ƙaramin ƙarfi, an ƙera ta don gajeriyar tazara, ginin da muke yi kuma na bulo da kankare da rodi da ƙofar ƙarfe cinye ta yake yi. Duk abin da zan faɗa a nan ya ginu a kan abu guda: a kusantar da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ga mutane, kuma inda kebul zai iya shiga kada a dogara da iska.

Kada ka sayi komai kafin ka san inda matsalar take. Intanet ɗin da ke shigowa gida daban, Wi-Fi da ke raba shi cikin ɗakuna daban. Ka tsaya dab da rauta, ka buɗe Speedtest ko fast.com, ka rubuta lambar da ta fito. Ka je ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa da wayar nan ɗaya. Idan a gaban rauta ma gudun bai taka kara ya karya ba, laifin na layin da kake biya ne, ko datar ta ƙare an rage maka gudu, ko sabis ɗin kamfanin ne ba shi da ƙarfi a unguwarku. Babu na'urar faɗaɗa Wi-Fi a duniya da za ta gyara wannan. Sai idan gudun yana da kyau kusa ya lalace a nesa ne sauran maganar ta shafe ka.

Ka auna da lamba, ka daina kallon 'yan sandunan da ke saman waya. Kowane kamfanin waya da yadda yake zana su, sanda uku a wannan wayar tana iya zama biyu a waccan. A wayar Android ka saukar da manhaja irin WiFiman ko WiFi Analyzer, za ta nuna maka ƙarfin sigina da ma'aunin dBm. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta, don haka ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -50 ƙarfi ne sosai, -67 ita ce iyakar da masu aikin suka saba sawa don kiran bidiyo ya tafi ba yankewa, daga -80 kuwa sai dai wayar ta nuna an haɗu amma babu abin da ke buɗewa. Kowane dB 3 da aka rasa rabin ƙarfin ne ya tafi, dB 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Ka riƙe wayar ka bi gidan a hankali kana kallon lambar. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗaki a buɗe, sannan ka sa a rufe ƙofar ƙarfen, ka ga yadda lambar za ta faɗi a gaban idonka. Zagayen minti goma irin wannan ya fi duk shawarar mai shago, domin shi bai taɓa shiga gidanka ba.

Ka fitar da rauta daga lungu. Wannan gyara ne na kyauta, kuma shi ne aka fi ƙi. Ana ajiye ta bayan talabijin, ko cikin durowar ƙasan talabijin, ko a ƙasa kusa da soket, don kawai a nan wuta take ko don kada ta ɓata kwalliyar falo. Siginarta tana bazuwa ta kowane gefe, saboda haka rautar da aka jingina da bangon ƙarshen gida rabin ƙarfinta titi da gidan maƙwabci yake tafiya. Ka kai ta tsakiyar inda ake zama, ka ɗaga ta sama da tsayin mutum, a fili, ba a lulluɓe da ƙyalle ba. Idan soket ya yi nisa a kira mai gyaran wuta ya ƙara wani. Ka ƙirga bangon da ke tsakaninta da kowane ɗaki: bango ɗaya na kankare yana iya cin dB 10 ko fiye, kuma siginar da ta bi bango a karkace ta fi wadda ta ratsa shi kai tsaye shan wahala, domin kaurin da take bi ya ƙaru. Ginin ƙasa mai kauri ma ba ya raga mata.

Kada ka ajiye rauta kusa da ƙarfe ko ruwa. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta. Firij, babban madubi, kabad ɗin ƙarfe, tankin ruwa, duro cike da ruwa a baranda, kwanon rufi, duk abokan gaba ne. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a kusan gigahaz 2.45, wato cikin zangon da Wi-Fi ke amfani da shi, shi ya sa wani lokaci ana kunna ta kira ke yankewa a kicin.

Idan gidan bene ne, kada ka sa rai rauta ɗaya ta ciyar da sama da ƙasa. Dekin kankare ne da ragar rodi a cikinsa, ya fi kowane bango tsanani. Ta rijiyar matakala sigina ta fi samun hanya. Kowane hawa ya samu tasa na'urar.

Ka tsayar da eriya a miƙe. Eriyar rauta ba ta harba sigina ta tsininta, ta gefe take bazawa, zagaye da ita. Wanda ya nuna tsinin eriya zuwa ɗakin da yake so ya nuna masa wurin da ya fi rauni.

Masu rautar da ake sa wa layin waya, ta MTN ko Airtel ko Glo, ko ta Moov da Zamani a Nijar, suna da matsala biyu a na'ura ɗaya. Rautar tana bukatar taga mai fuskantar turken sabis don ta samu intanet, mutanen gida kuma suna bukatarta a tsakiya. Da wuya wuri ɗaya ya biya bukatun biyu. Kada ka sadaukar da sabis don Wi-Fi. Ka bar ta a tagar da ta fi kama sabis, ka ja kebul daga bayanta zuwa tsakiyar gida, ka sa rauta ta biyu a can. Wannan yana nufin tun wajen saye ka duba bayanta ka tabbatar tana da ramin kebul. Ƙaramar MiFi ta aljihu galibi ba ta da shi, kuma ba don gida mai ɗakuna shida aka yi ta ba. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su lura cewa rautar ƙarni na biyu ba ta zo da ramin kebul ba sai an sayi mahaɗinsa daban, ta ƙarni na uku ce ta zo da ramuka biyu.

Ka ja kebul. Da za a ce in zaɓi umarni ɗaya in bar sauran, wannan zan zaɓa. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gudun gigabit guda har tsawon mita 100, bai damu da bango ko ƙofar ƙarfe ko rautar maƙwabci ba. Mutane na gudunsa saboda huda bango da ƙurar aiki, sai su kashe ninkin kuɗinsa a kan na'urorin da ba za su taɓa kamo shi ba. Aikin yini ɗaya ne, amfaninsa na shekaru. Wanda kuma yake kan gini yanzu, kafin a yi filasta ya sa a binne bututun kebul zuwa kowane sashe, ko da bai shirya sa intanet ba tukuna.

Amma kada ka yarda a sayar maka da kowane irin kebul. Kasuwa ta cika da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a kwalinsa wani lokaci za ka ga an rubuta CCA, wani lokaci an ɓoye. Ka ce mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Ka feɗe robar, ka zaro silin ƙarfe ɗaya, ka kankare shi da wuƙa ko reza. Idan ƙasan ya fito fari fat, alminiyam ne, ka ajiye masa. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki, ya fi nauyi a hannu, kuma yana jure lanƙwasa, shi kuwa wancan lanƙwasa kaɗan ya karye. Araha ba ta ado: yana iya aiki a tazarar mita goma, amma a doguwar tazara, ko inda za a tura wuta ta cikinsa zuwa na'ura, zai riƙa yankewa har ya yi zafi. Ka tsaya a kan mai aikin ya matse duka silin takwas a kowane kai ya gwada a gabanka, domin idan huɗu kawai suka kama gudun ba zai wuce megabit 100 ba. Kada a cusa shi bututu ɗaya da wayar wutar lantarki, kada a buga ƙusa a kansa, kada a bar na cikin ɗaki a rana, robarsa za ta farfashe. A sa shi cikin bututun roba saboda ɓeraye.

Kada ka jefar da tsohuwar rauta. Ita ce na'ura ta biyu da kake nema. Ka danna ɗan ramin da ke bayanta da tsinke na kusan daƙiƙa goma ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ka haɗa da ita, ka shiga shafinta ta adireshin da aka buga a ƙasanta. Idan akwai zaɓin da aka rubuta Access Point, ka zaɓe shi, aiki ya ƙare. Idan babu, ka fara canza adireshinta ya shiga dangin na babbar rauta: in babbar tana 192.168.8.1, kamar yadda na Huawei da yawa suke, ƙaramar ta zama 192.168.8.2. Sannan ka kashe DHCP, wato sashen da ke raba wa wayoyi adireshi. Kada ka tsallake wannan. Na'ura biyu masu raba adireshi a gida ɗaya su ne ke sa waya ta nuna Wi-Fi cike amma shafi ya ƙi buɗewa, yau ta yi gobe ta ƙi. Bayan haka ka soka kebul ɗin a ramin LAN, ba na WAN ba. Ka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar, don waya ta riƙa sauyawa da kanta, amma tasharsu ta bambanta.

A gidan da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, ka yi amfani da filin. Na'ura ɗaya da aka kafa a ƙarƙashin rumfar baranda tana fuskantar tsakar gida za ta shiga kowane ɗaki ta taga da ƙofa, bango ɗaya kacal take haɗuwa da shi, maimakon ta ratsa ɗakuna huɗu a jere daga falon maigida. Sai dai ta zama irin wadda aka yi don waje, mai jure ruwa da ƙura, irin su EAP225-Outdoor ta TP-Link, wadda ke karɓar wutarta ta cikin kebul ɗin intanet ɗin.

Kada ka sa ripita a ɗakin da babu sigina. Kusan duk wanda ya sayi ƙaramar na'urar nan mai shiga soket a nan yake yin kuskure. Aikinta kamar na mai isar da kabbara ne a filin Idi: dole ya tsaya inda yake jin liman sosai, in ya koma sahun ƙarshe inda murya ba ta kai ba, ba shi da abin isarwa. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda ma'auni ke nuna -65 ko abin da ya fi haka kyau. Wadda aka sa a matacciyar kusurwa za ta cika maka sanduna a waya, intanet kuwa babu. Ka kuma sani ko an sa ta daidai akwai farashi: ripita mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha ɗaya, don haka kusan rabin gudun ne ke isa. Kada ka jera ripita a bayan ripita, rabin rabi za ka samu. Masu arahar da aka rubuta wa 300Mbps a kwali na tsohon tsarin 802.11n ne na 2009, a zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke aiki, kuma lambar kwalin ba ita za ka gani a waya ba. In dole sai ripita, ka nemi mai zango biyu.

Na'urorin mesh, wato rukunin na'urori masu aiki tare a matsayin Wi-Fi ɗaya, irin su Deco ta TP-Link ko Nova ta Tenda, sun fi ripita nesa ba kusa ba, musamman wajen miƙa waya daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da kira ya yanke ba. Amma kada ka gaskata faɗin filin da aka rubuta a kwali. An yi lissafin ne da gidaje masu bangon katako da allo irin na Amurka. A gidan bulo kada ya wuce bango ɗaya ko biyu tsakanin kowace biyu, kuma su ma idan aka haɗa su da kebul ne suke nuna ainihin ƙarfinsu.

Kada ka dogara da na'urar da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida. A ƙasashen da wuta take tsaye tana aiki. A gidan da ake sauya layi tsakanin NEPA da janareta da inbata, ga sitabilaiza, ga wani sashe a kan layin wuta daban da wani, sa'a ce kawai za ta sa ta yi.

Tsakanin gini da gini, misali daga babban gida zuwa sashen baƙi ko shagon da ke bakin titi, kada ka rataya kebul a sararin sama daga rufi zuwa rufi. Da damina tsawa ba sai ta faɗo a kansa ba, ta faɗi kusa ma ya isa ya kwaso wutar da za ta ƙone na'urorin ɓangarorin biyu. A binne kebul na waje cikin bututu da na'urar kariya daga tsawa wadda aka haɗa da ƙasa, ko a ja zaren faiba da ba ya ɗaukar wuta sam. In tazarar ta wuce mita 100, a kafa na'urori biyu masu kallon juna, irin NanoStation ta Ubiquiti ko CPE510. Sharaɗinsu su ga juna ƙuru-ƙuru. Bishiyar darbejiya ɗaya a tsakani, musamman in ganyenta ya jiƙe, ta isa ta ɓata aikin.

Ka san zangonka. Zangon gigahaz 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkushe yake kuma gudunsa kaɗan ne. Zangon 5 ya fi gudu, nisansa gajere. Na kusa su hau 5, na nesa su zauna a 2.4. Kada ka rikita wannan da 5G na kamfanonin waya, ba abin da ya haɗa su sai lambar. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Manhajar da ka auna da ita za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru, ka zaɓi wadda ta fi sarari cikin ukun, ka bar faɗin tasha a megahaz 20. Wanda ya zaɓi 3 ko 9 yana damun maƙwabta biyu lokaci guda, su ma suna damunsa.

Kada ka ɗauka ƙara wa rauta ƙarfi ko saya mata doguwar eriya zai warware komai. Hirar ta ɓangare biyu ce. Ko wayarka ta jiyo rauta daga nesa, dole ita ma rautar ta jiyo amsar wayar, kuma eriyar waya 'yar mitsitsiya ce. Doguwar eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, matse shi take yi ya tafi gefe, sama da ƙasa su rasa. Manhajojin da ke alkawarin ƙara ƙarfin Wi-Fi kuwa ƙarya ce tsagwaronta, babu manhajar da ke cire bango. Talla za su cika maka, wasu su kwashi bayananka. Kada kuma ka sayi na'urar ƙara sabis ɗin waya da ake kira busta. Ba ta da alaƙa da Wi-Fi, tana dagula sabis ɗin unguwa, kuma Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kan sayar da ita da kafa ta ba tare da izini ba.

Ka kulle abin da ka faɗaɗa. Siginar da ta kai zaure ta kai majalisar ƙofar gida, datar wata kuma tana iya ƙarewa a mako. Ka sa WPA2 ko WPA3, kada ka bar WEP ko da tsohuwar na'ura ta nema, an daɗe da fasa shi. Kalmar sirri ta kai harafi goma sha biyu, kada ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Ka kashe WPS: a Disamban 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai takwas ana duba ta gida biyu, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa a buɗe ta. Ka canza kalmar shiga shafin rauta kanta daga admin, a babbar da ƙaramar duka. Ka tuna kuma tun daga Android 10 duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka yana iya nuna wa abokinsa hoton QR ya shiga ba tare da ya furta kalmar ba. Baƙi da abokan yara a buɗe musu Wi-Fi na baƙi mai suna daban, a riƙa canza kalmarsa, kuma lokaci-lokaci ka duba jerin na'urorin da ke haɗe ka ga ko akwai wadda ba ka sani ba.

Ka yi lissafin wuta tun da wuri. Kowace na'ura da ka ƙara sai ta ci wuta, kuma idan ta tsakiya ta mutu duk na bayanta sun mutu. Rauta ba ta cin abin kirki, galibi tsakanin wat biyar da goma sha biyu, ƙaramin batirin ajiya na rauta yana riƙe ta awanni. Ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta kafin ka soka mata wata caja: mai bukatar bolt 9 aka ba ta 12 tana iya ƙonewa, mai bukatar amfiya biyu aka ba ta ɗaya za ta riƙa mutuwa tana tashi, a yi ta zargin sabis. Kada ka sabunta manhajar cikinta sai tana kan batir ko inbata, domin ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa yana iya kashe ta gaba ɗaya. Kada ka sa ta cikin silin ƙarƙashin kwano don ta ɓuya, zafin Maris da Afrilu a can ya fi ƙarfin abin da aka ƙera ta ta jure. Bayan hunturu ka cire ta daga wuta, ka busa ƙurar da ta toshe ramukan shan iskarta, ka mayar.